Tambayi Mai Magani: an ce mana kwalba ɗaya, ranar ƙarin ruwa aka ce mu kawo biyu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dakta, ya aiki ya iyali. Dan Allah kayi haƙuri da tsawon saƙona wlh kaina ne ya kulle. Innarmu ce ke fama da ciwon daji na mama, shekararta 58, tun bara ake abu ɗaya, anyi mata aiki an cire sannan aka sa mata ruwan nan mai ja kamar zoɓo har sau huɗu wanda ya zubar mata da gashi, kuma Alhamdulillah mun biya bamu ci bashin kowa ba. Toh yanzun likita yace gwajin naman da aka kai ya nuna irin nata yana buƙatar wani magani daban sunansa trastuzumab, shima ta ƙarin ruwa duk bayan sati uku. Na tambaya a famasi akace kwalba ɗaya dubu 450, na koma gida muka zauna da yayyena aka kai ɗan bijimi kasuwa aka haɗa da kuɗin wake muka tashi dubu 500 muna ganin har da canji, ranar da muka zo sai akace ai yau kwalba biyu za a saya, ga hoton zuciya ga awon jini ga wani kemo, wato wani ruwan maganin dajin, da za a haɗa ga kanula ga ledar ruwa, na tsaya kamar an dasa ni, sai da na kira abokina mai POS ya ranta min sauran. Abin da yafi ci min rai kwalba ta biyun ɗan kaɗan aka zuƙa a ciki, da idona na gani. Dakta cutarmu akeyi ko haka abin yake? Nawa zamu kashe gaba ɗaya? Babban yayanmu ma'aikacin gwamnatin tarayya ne yana da katin inshora, zai yiwa Inna amfani? Sannan in kuɗi bai haɗu ba zamu iya ɗaga ranar zuwa sati biyar ko shida har a sayar da amfanin gona? Nauyinta kilo 62 don naga sun ɗora ta a sikeli.

Autan Inna, daga Dukku

AMSA

Wa alaikumus salam Auta. Ya jikin Inna? Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne, ku kuma Allah ya saka muku, ba kowane ɗa ne ke kai bijimi kasuwa don uwa ba. Na sha faɗa a filin nan ni ba likita ba ne mai haɗa magani ne, amma kun ƙi ji, toh shikenan na amsa Daktan.

Ba a cuce ku a lissafin kwalba biyun nan ba, kuma da kilo 62 ɗin da ka rubuto zan nuna maka. Inda aka gaza muku shine ba wanda ya zaunar da kai ya maka lissafin tun kafin ka tafi Dukku, kai kuma ka tambayi kuɗin kwalba aka faɗa maka kuɗin kwalba, alhali abin da kake son sani kuɗin jinya ne. Wannan kuskuren kusan kowa yana yinsa saboda mun saba da maganin zazzaɓi, kati ɗaya mutum ɗaya an gama. Maganin daji na ƙarin ruwa da jikin mara lafiya ake auna shi, shi ya sa suke ɗora ta a sikeli duk zuwa. Shi trastuzumab ranar farko ana ba da miligiram 8 a kan kowane kilo don ya cika jini, daga nan duk bayan sati uku miligiram 6 a kan kowane kilo. Buga a wayarka, 8 sau 62 ya ba ka 496. Babbar kwalbar kuma 440 ce a ciki. Kaga saura 56 kenan, kuma saboda wannan 56 ɗin aka fasa kwalba ta biyu, shine ɗan kaɗan ɗin da ka gani an zuƙa. Da Inna kilo 55 ce da kwalba ɗaya ta ishe ta cif. Akwai ƙaramar kwalba mai 150 da za a iya cikawa da ita in suna da ita, sai dai ita ƙaramar in an buɗe ba a ajiye ragowarta.

Yanzu ga tambayar da nake so ka yi musu gobe-goben nan, kar ka jira ranar komawa: ina ragowar kwalba ta biyun? Miligiram 384 ne suka rage a ciki, kuma zuwa na biyu Inna 372 take buƙata, wato 6 sau 62. Ita babbar kwalbar in an dama ta da ruwan da ake haɗo ta da shi mai hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, ana iya ajiye ta a firji mai sanyin digiri 2 zuwa 8 har kwana 28, ku kuma kwana 21 ne tsakaninku da komawa. Kenan in an rubuta sunanta a jiki an ajiye yadda ya kamata, zuwa na biyu ba sai kun sayi ko kwalba ɗaya ba. In da ruwan allura na gama-gari aka dama to ba ta ajiyuwa, dole a zubar, kuma kar ka yi musu gardama a kan wannan. Kar kuma ka ce a ba ka ka tafi da ita gida wai akwai firji a shagon maƙwabci, da wutar nan tamu da zafin Dukku kafin sati uku ka mayar da dubu ɗaruruwa ruwan banza, in ma bai zama guba ba. A firjin asibiti take zama.

Nawa gaba ɗaya? Zan yi da farashin da kai ka kawo don farashi yau daban gobe daban. Abin da aka saba shekara guda ake yi ana wannan maganin, zuwa 18 kenan, wasu likitocin 17. In kowane zuwa za a fasa sabuwar kwalba a zubar da saura, kwalba 19 zaku saya, biyu na farko da 17 na baya, naira miliyan 8 da dubu 550. In kuwa ana tattala ragowa ana fara ɗiba daga tsohuwa kafin a buɗe sabuwa, duka maganin da jikinta zai sha a shekarar miligiram 6,820 ne, ka raba da 440 zai ba ka kwalba 15 da rabi, a ce 16, miliyan 7 da dubu 200. Tsakaninsu miliyan 1 da dubu 350, bijimai nawa kenan? Duk daga tambaya ɗaya da ƴar takarda mai suna da aka manna a jikin kwalba. Wasu asibitocin ma suna haɗa masu shan magani iri ɗaya rana ɗaya a raba kwalba kowa ya biya abin da ya sha, ka tambaya ko suna yi.

Na san ka ga adadin nan gabanka ya faɗi. Nawa ma faɗuwa yake duk sanda na buga shi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 dubu 70 ne, kaga kwalba ɗaya ta cinye albashin wata shida da ɗoriya, kuma a ƙasar nan sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Magungunan nan daga waje ake shigo da su da dala, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, komai na famasi ya bi ta. Don haka in ka yi ƙiyasin shekara ka ɗora wani abu a kai, kar ka yi lissafi cif-cif.

Sannan kwalba ba ita kaɗai ba ce, kai ma ka gani. Hoton zuciyan nan da suke cewa eko ba ƙarin gishiri ba ne, maganin yana iya raunana bugun zuciya musamman ga wadda ta riga ta sha jan ruwan nan, sunansa doxorubicin, shi ya sa ma ba a haɗa su lokaci guda, kuma za a riƙa maimaita hoton kamar duk wata uku, ka sa shi a lissafi sau huɗu ko biyar. Awon jini kafin kowane zuwa muddin ana haɗawa da kemo. Shi kemon da aka haɗa mata yanzu, galibi docetaxel ne ko paclitaxel, ba zai kai shekara ba, bayan ƴan zuwa zai tsaya a ci gaba da trastuzumab shi kaɗai, toh daga nan nauyin zai ɗan ragu, har zaman ma, ranar farko minti 90 ruwan ke ɗauka, na baya in ba matsala minti 30. Akwai maganin hana amai, akwai allurar ɗaga ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta da ake cewa filgrastim in sun faɗi, ita ma ba arha gare ta ba kuma ba a sanin ranar da za a buƙace ta. Ga kuɗin mota ku biyu ko uku daga Dukku zuwa da komawa sau 18, ga abinci, ga ranar da za a ce ku kwana, ga wunin da kai baka yi sana'arka ba. Waɗannan ƙananan ba rasit gare su ba shi ya sa ake mantawa da su, amma su ne suke cinye canjin da mutum yake ganin ya rage.

Abin da zaka yi, ka sayi littafi na ɗari biyu irin na ƴan firamare ka je wajen likitan cikin ladabi kace ranka ya daɗe a rubuta min sunan kowane magani da miligiram ɗinsa da sau nawa za a yi da tazarar da ke tsakani, da gwaje-gwajen da za a maimaita. Ka kai wa na famasi ya sa maka farashi a gaban kowanne. Haƙƙinku ne, ba roƙo ba ne. Da wannan takardar zaka zauna da yayyenka, don in kace musu a kawo dubu 500 yau, bayan sati uku ka sake dawowa, a karo na huɗu za a fara cewa Auta dai cin kuɗin yake, na ga gidajen da zumunci ya lalace a kan haka wlh. In kuwa sun ga jimillar da idonsu tun farko kowa zai san me ya hau kansa da watan da zai kawo. Tun ran gini ran zane.

Batun katin Yaya. Tsarin ma'aikatan tarayya yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da ƴaƴa huɗu ƴan ƙasa da shekara 18, uwa ba ta ciki kai tsaye, sai dai a ƙara ta a biya mata daban, ko a yi mata rajista da kanta a tsarin da ake kira GIFSHIP na ɗaiɗaikun mutane da iyalai. Ya je ofishin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, na Gombe a satin nan, don bayan rajista akwai kwanakin jira kafin katin ya fara aiki, duk ranar da ya ɓata ta ƙaru a kan jiran. Dalilin da ya sa nake matsa muku, hukumar tana da yarjejeniya da kamfanin Roche masu yin na asalin maganin da ake kira Herceptin, kamfanin ya ɗauki kashi 50, hukumar ta ɗauki 30, mara lafiya ya biya 20, a asibitocin da aka zaɓa. Amma ka lura da kyau, kashi 20 ɗin na farashin Herceptin ne wanda ya fi sauran tsada, don haka ka sa a rubuta maka shi a naira ka ajiye kusa da dubu 450 ɗinka ka gani, kar kalmar kashi ta ruɗe ka. Ka kuma tambaya wane ne dubu 450 ɗin, na asalin ne ko ƙannensa. Tun 1998 aka amince da Herceptin a Amurka, wa'adin mallakarsa ya ƙare wasu kamfanoni suna yin irinsa da sauƙin kuɗi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance na farko a cikinsu a watan Disambar 2019. In yana da lambar NAFDAC kuma ta hannun asibiti ya fito, aikinsu ɗaya, kar wani ya tsorata ku da cewa sai mai tsadar. Masu katin GoHealth, inshorar lafiya ta jihar Gombe, su ma su je ofishin su tambaya ƙarara me katin ya ɗauka a ciwon daji me bai ɗauka ba, kafin ranar ƙarin ruwa.

Akwai kuma asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, in kace CHF za su gane. Ciwo uku ya shafa, na mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza da ake cewa prostate, kuma asibitoci shida aka fara da su ɗaya a kowace shiyya, namu na arewa maso gabas shine Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, sauran suna Zariya, Abuja, Ibadan, Benin da Inugu. Ta ofishin walwalar marasa lafiya ake bi, a cika takarda a duba halin da iyali ke ciki. Ka nema, amma shawarata kar ka sa shi a lissafinka sai ka ga ya fito, masu nema sun fi kuɗin yawa nesa ba kusa ba. Haka shirin CAP da ma'aikatar lafiya ta ƙaddamar a 2019 wanda ke sauko da farashin wasu magungunan kemo har zuwa rabi, ka tambayi famasin asibitinku ko suna ciki. Kar kunya ta hana ku kai takardar nan ga kwamitin zakka na masallacinku, irin wannan ai shi aka ajiye zakka dominsa.

Tambayarka ta ƙarshe ita na fi jin tsoro. Kar ku ɗaga rana da kanku. Bar ma maganar cewa ciwon ba ya jiran kaka, ko ta fuskar aljihu asara ce, domin ƙa'idar maganin nan in aka makara fiye da sati ɗaya sai an sake ba da babban awon farko, 496 ɗin nan da ya ja muku kwalba biyu, kuma ragowar da ke firji ta wuce kwana 28 an zubar. Ka ɗaga don ka huta ka dawo ka biya ninki. In ka hango kuɗi ba zai kai shekara ba, ka faɗa wa likitan yanzu tun ana zuwa na biyu, baki da baki, kace ga abin da muke da shi ga abin da muke sa rai. Akwai babban bincike da aka yi a Birtaniya kan mata sama da 4,000 aka wallafa a 2019, waɗanda suka sha wata shida da waɗanda suka sha shekara bayan shekara huɗu kusan 89 zuwa 90 cikin 100 a kowane ɓangare ciwon bai dawo ba. Wani da aka yi a Faransa bai iya tabbatar da hakan ba, shi ya sa har yau shekarar ce ƙa'ida, amma likitoci suna duba wata shidan ga wanda ƙarfinsa bai kai ba. A lissafin Inna zuwa 9 kenan, kwalba 8. Likitanta ne zai yanke don shi ya san girman abin da aka cire da ko ya taɓa kaluluwar hammata, ni dai na san wata shida a jere ba fashi ya fi a yi uku a ɓace wata biyu a dawo a yi ɗaya. Ka gaishe min da Inna, ka rubuto min abin da suka ce game da ragowar kwalbar.

TAMBAYA

Salam Dakta. Maigidana ne ake sa wa ruwan ciwon daji, wani ya haɗa mu da wani mutum a WhatsApp yace zai ba mu irin maganin a rabin kuɗi zai bawa direba a tasha ya kawo mana Azare. Mu saya? Gsky mun gaji.

Maman Iman, daga Azare

AMSA

Ya mai jiki Maman Iman, Allah ya ƙara sauƙi. Kar ku saya. Na san gajiyar da kike faɗa, amma NAFDAC ta sha fitar da gargaɗi kan jabun magungunan daji a ƙasar nan har da jabun Herceptin, kwali tsaf rubutu tsaf, ido ba ya rabewa. Ko da na gasken ne, da yawansu sanyi suke so tun daga kamfani har jijiya, kwalbar da ta wuni a but ɗin mota cikin rana tsakanin buhunan kaya ba wanda zai iya ce miki tana aiki, kuma mugun abin shine ba zaku gane ba sai bayan watanni ciwo ya ci gaba kuna ganin ana magani. In dole sai a waje za a saya saboda babu a asibiti, ki ce na famasin asibitin ya faɗa muku dillalin da ke da rajista, a kawo a kula mai ƙanƙara, a ba ku rasit mai ɗauke da lambar rukunin maganin da ranar lalacewarsa, kuma a nuna wa na famasin kafin a fasa. Mutumin WhatsApp ɗin ki tambaye shi waɗannan ukun ki ga ko zai sake amsa saƙo.

TAMBAYA

Dakta sau biyu muna zuwa daga Billiri da yayata ana ce mana jininta bai kai ba mu koma sai wani satin, kuɗin mota na tafiya a banza. Ba yadda za ayi?

Ƙanwar mara lafiya, daga Billiri

AMSA

Akwai. Jinin da suke nufi yawanci ba wanda ake ƙarawa a leda ba ne, fararen ƙwayoyin jini ne da kemo ke kayarwa, in aka sa ruwa suna ƙasa ƙaramin zazzaɓi na iya zama babban abu, don haka mayar da ku da suke yi gata ne. Ki roƙi likitan ya rubuta muku takardar awon jinin ku yi shi a can kusa da gida kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a wurin gwajin da shi ya yarda da shi, ki ɗauki hoton sakamakon ki tura wa nas ɗin sashen, in ya kai ku shiga mota in bai kai ba ku zauna a ba ku wata ranar. Kuma kar ku sayi maganin da ba ya ajiyuwa sai sakamakon ya fito. In ta yi zazzaɓi a tsakanin zuwa da zuwa, ma'auni ya nuna 38 ko sama, wannan kam ba a jiran gari ya waye ba a tsayawa kemis, ko da daddare ne ku nemi mota.